Ranar da Na Kira Sunanki a Dengfeng

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Unguwar Dengfeng, Guangzhou, ƙasar Caina.
Lahadi, bayan azahar.

Zuwa ga babbar 'yata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da innarki da ƙannenki. Allah ya tsare ki a hanyar da za ki kama, ya kai ki lafiya, ya haɗa ki da mutanen kirki a can, ya rufe idon mugu daga kanki. Ni ma nan lafiya lau, sai gumi.

Alhaji Tanko Bazazzagi ne zai kawo miki wannan, jirginsa jibi. Na so a ce ni zan raka ki tasha, in ɗora miki akwati da hannuna, in tsaya har motar Zariya ta ɓace mini. To, kwantenar maigidana ba ta cika ba, kuma kin san aikina a garin nan: in tsaya a kan kaya ana lodi, in buɗe kwali in duba ko abin da aka nuna mana a shago shi aka zuba. Tsohon soja dai in an rasa abin ba shi, sai a ba shi tsayuwa.

Kada ki sa ran labarin gari. Abin da zan gaya miki laifuffukana ne, kuma zan ja su a hankali, don haka ki nemi wuri ki zauna. Kakarki Iya, Allah ya jiƙanta, in ta fara ba mu labari tuwo kan huce kafin a kai ga wanda ya ci naman. A hannunta na tashi, a hannunta kika tashi, kin san ba mu iya gajerce zance ba.

Kin ci jarrabawar shiga jami'a sau uku. Sau biyu kika zauna a gida, sai a na ukun nan za ki tafi, kuma da tallafin karatu na 'ya'yan sojojin da suka rasu ko suka naƙasa a bakin aiki za ki tafi. Na san an ce miki ofis ne ya yi ta jan ƙafa shekara biyun nan. Ba ofis ba ne. Ni ne.

Na farko ya faru kina da kwana takwas a duniya. Muna bariki a Jos, ina kofur. Washegarin suna na bi ta ƙofar ofishin akawunmu, wani siririn mutum mai suna Bulus, shi ke riƙe da fayil ɗin kowane soja, shi ke shigar da sunan mata da 'ya'ya. Ya kira ni ta taga.

"Kofur Ilu, zo ka ba ni sunan jaririya in shigar."

Na ce, "Wace jaririya?"

Ya ce, "Wadda muka ci ragonta jiya mana! Ga maiƙo bai bar bakina ba."

Na ce, "Ai ta Iya ce."

Ya ajiye biro ya dube ni. "Iya soja ce? Mece ce lambarta?"

Duk ofishin aka kwashe da dariya, ni kuwa na ce masa zan dawo. Kin ga, ke ce 'yar fari, kuma sunan mahaifiyata aka sa miki. A gidanmu mutum ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban jama'a, ba ya ma nuna ya san da zamansa. Balle a haɗa da sunan uwar da ta haife shi. Ni dai a ranar da an ce in zaɓa tsakanin faɗar sunan nan da shiga gaban igwa, da na nemi hular kwanona. Da aka yaye ki Iya ta ɗauke ki zuwa Yakasai, sai na ce to shi ke nan, magana ta ƙare. Sani da Aminu da Hauwa kuwa, kowannensu tun kafin a gama rabon nama na kai sunansa wajen Bulus. Duk zuwan da zan yi sai ya ce, "Babbar fa?" ni kuma in ce zan dawo.

Ga abin da na koya, kuma na koya da tsada. Abin da gida ya sani ba tare da an faɗa ba, takarda ba ta san shi ba. Duk Yakasai sun san ke 'yar wace ce, amma fayil ba ya zuwa suna, ba ya cin rago. A makarantar nan za a miƙo miki takardu kala-kala ki cika. Ki cika su da hannunki, ki amsa abin da aka tambaya gaba ɗayansa, ki rubuta sunanki iri ɗaya a ko'ina, kada yau ki sa wannan gobe ki sa wancan. Kuma kada ki ce wa ma'aikaci za ki dawo. Ki gama a tsaye a gabansa.

Na biyu ya fi na farko muni, don a na farko ina iya cewa yarinta ce. Kin tuna dawowata daga Laberiya, hannun hagu a naɗe, yatsu uku sun zauna a can, kunnen hagu ya toshe har yau. Aka sallame ni da muƙamin saje. Bayan 'yan watanni wasiƙa ta zo, ta ce duk sojan da ya naƙasa a bakin aiki, 'ya'yansa da ke cikin fayil suna da tallafin karatu, ya zo ya nema musu. A ƙasan wasiƙar aka jera sunaye uku. Na karanta ta a zaure, raina ya ɓaci. Na ce ni Ilu, da na tsaya a gaban wuta ban durƙusa ba, yanzu zan je in bi layi a ba ni sadaka? Na ninke ta huɗu, na cusa ƙarƙashin kakina a akwatin ƙarfe, na kulle.

Shekarar da kika fara cin jarrabawa kika kawo mini takardar a zaure, kika durƙusa. Na duba, na ga karatun haɗa magunguna, na duba aljihuna, na ce miki bana ba hali. Kika ce, "To, Baba." Kika koma kina koya wa yara karatu a Islamiyyar unguwa. Akwatin ƙarfen nan kuwa yana bayan ƙofar da kika jingina.

Girman kai ne, ba wani abu ba. Ki saurare ni da kyau a nan, don na san jinina, kuma na san kin ɗebo. Abin da za a ba ki ba sadaka ba ne. An riga an biya, ni na biya, da yatsu uku da kunne ɗaya, wasu kuma ubanninsu sun biya da duk jikinsu. In kin je karɓa ki shiga da sallama, ki gaishe da kowa har mai shara, amma kada ki sunkuyar da kai kamar mai roƙo. In wata ta ce miki 'yar tallafi, ki ce mata e, ubana ya yi aiki. Haka kuma a aji. In ba ki gane ba ki ɗaga hannu ki ce ba ki gane ba. Na ga mutane da yawa da suka gwammace su faɗi a kan su tambaya, kuma ga ɗayansu yana rubuta miki wasiƙa.

Na uku shi ne na ban dariya, in mutum na da ƙarfin dariya. Da shekara ta zagayo kika sake ci, innarki ta tsare ni a ɗaki, ta yi mini maganar da ba ta taɓa yi mini ba tun aurenmu. Sai na saka kaftanina mai kyau, na hau mota, na tafi ofishin jin daɗin sojoji. Bulus yana can yanzu, amma ranar ya tafi hutu, na tarar da wani saurayin hafsa mai ladabi. Ya buɗe fayil, ya ce yara uku ya gani, wacce nake nema wa ba ta ciki, amma ana iya gyarawa. Ya ɗauki biro.

"Baba, mece ce ita a wurinka?"

Akwai mutum kusan goma a benci suna jin mu. Na ce, "Yarinyar gidana ce."

"'Yarka ce?"

Na ce, "A wajen mahaifiyata ta tashi."

Ya gyaɗa kai ya rubuta, na sa hannu ban karanta ba, na fito ina jin na yi jarumta. Abin da bawan Allah ya rubuta shi ne 'yar riƙo. Me zai rubuta kuwa? Abin da na faɗa ke nan. Tallafin kuma na 'ya'yan cikin mutum ne. Bayan wata biyu amsa ta zo, an yi haƙuri. Na ce muku ofis ne. Kika sake cewa, "To, Baba."

Don haka, duk inda aka rubuta magana daga bakinki, ki ce a karanta miki, ko ki karɓa ki karanta da kanki kafin ki sa hannu. Kuma in an yi miki tambaya miƙaƙƙiya, ki ba da amsa miƙaƙƙiya. Kewaye-kewayen da ke sa a ce mutum mai kunya ne a tsakar gida, a ofis shi ke sa a rubuta ƙarya da yawunsa.

Yanzu bari in kawo ki garin nan, don a nan aka yi mini maganin ciwona. A titin Guangyuan, kusa da tashar jirgin ƙasa, akwai manyan gidajen sarin tufafi, bene a kan bene. A hawa na uku na ɗaya daga ciki akwai wani mai shago da muke sayen rigunan yara a wurinsa. Lawban muke ce masa, wato maigida, haka ake kiran kowane mai shago a nan. Gajere ne, mai tumbi, kullum da gorar shayi a hannu. 'Yarsa ɗaya tak, Lili, tana jami'a a wani gari mai nisa. Ban taɓa ganinta ba, amma na san ta fiye da wasu dangina, don bangon shagon nan kaf takardun makarantarta ne, tun na firamare, kowace an rufe ta da leda. Ka ce masa ina kwana, ya ce Lili ta ci jarrabawa. Ka ce ya rage kuɗi, ya ce Lili na son littattafai. Da farko har kunya nake ji a madadinsa. Na ce wa Tanko, mutanen nan ba su da ta ido.

Wata rana muna jiran a ɗaure kaya, ya tambaye ni da guntun Turancinsa 'ya'yana nawa. Na ɗaga hannun hagu bisa kuskure, ya ga biyu, na yi maza na sauya na ɗaga na dama, huɗu. Ya zare ido, ya ce ni attajiri ne. Sai ya kama babban yatsana ya ce, wannan na ɗaya, me sunansa? Na kawar da kai. Ya sake tambaya. Kalmar da ta zo bakina ita ce wadda su ke gaya mana kullum in kaya ya ƙare, meyo, wato babu. Nufina a bar zancen.

Mutumin nan fuskarsa ta canja. Ya ajiye kalkuleta, ya zuba mini shayi a ƙoƙonsa na kansa, ya dafa kafaɗata yana girgiza kai. Ya ɗauka kin rasu. Ta'aziyya yake yi mini.

Na riƙe shayin nan na kasa sha. Na yi shekara ashirin ina ganin ladabi nake yi, ga shi baƙo ya ji ladabin nawa ya fahimci abin da fayil ya fahimta, cewa babu ke.

A makon ne na kira gida, innarki ta je gidan maƙwabta ta ɗauka. Ta ce kin ci karo na uku, kuma Bulus ya aiko cewa bana ce ta ƙarshe, in ta wuce shekarunki sun haura iyakar da aka yanka wa masu fara nema. Ta ce ta kai masa takardar haihuwarki ta asibitin bariki da wasiƙar mai unguwa. Sannan ta rage murya.

"Malam," ta ce, "yarinyar nan ta ga takardar akwati."

Na ce, "Wace takarda?"

"Mai sunaye uku. Tun shekarar farko, ranar da na sa ta shanya kakinka. Ta karanta ta mayar yadda ta gan ta. Ba ka lura tun daga nan ba ta ƙara kawo maka sakamako da hannunta ba?"

Ban lura ba. Ni da ake biya don in lura da kwalin da aka rage wa riga biyu.

Saƙon Bulus ya iso ta fas, injin nan mai aika takarda ta layin waya, a ofishin wani ɗan Maraɗi mai aika kaya a benen Tianxiu. Ya ce takardu sun cika, amma fayil yana ɗauke da sa hannuna a kan cewa ke 'yar riƙo ce, don haka kyaftin ɗin da ke kan aikin ta ce ba za ta goge maganata da maganar wani ba. In aiko da rantsuwa a rubuce, in kuma kira ta ta ji daga bakina. Ranar Juma'a ake rufe jerin sunaye.

Rantsuwar ba ta ba ni wahala ba, ɗan Maraɗi ya buga, ya kwafi sunan daga takardar Bulus, ni dai na sa hannu, bayan na karanta wannan karon. Kiran ne aiki. A nan Dengfeng akwai shagon waya na wata mata 'yar Caina, wayoyi uku a kan dogon tebur, ba ƙofa ba labule, agogo yana lissafa minti. In hantsi ya yi a gida, nan la'asar ta yi sanyi, kuma ranar Juma'a kowa ke kiran iyalinsa. Na isa na tarar shagon ya cika, Kanawa, Zabarmawa, Hausawan Kumasi, ga Tanko a kan kujera yana fifita da hula. Na ce ko in jira a ragu. Tanko ya ce, "Saje, in ka jira a ragu, ofishin ma ya tashi. Ku ba tsoho hanya, yau za a yi yaƙi."

Layi ya shiga da ƙyar, yana ƙara kamar ana soya ƙosai. Kyaftin ɗin mace ce, Hausarta fes.

"Baba, barka da yamma a can. Fayil yana gabana. Yarinyar nan, wa ya haife ta?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, ai a gidana take."

Tanko ya ce daga bayana, "Saje, agogo na gudu, ba da ganye ake biya ba."

Ta ce, "Baba, ba gida na tambaya ba. Ga matan da mazansu ba su dawo ba suna jirana a ƙofa, su babu mai buga musu waya. Kai da ranka. 'Yarka ce ko ba 'yarka ba ce?"

Maganar nan ta shige ni. Na ce, "'Yata ce. Ni na haife ta."

"Madalla. Sunanta?"

Na juya wa jama'a baya, na rufe bakin wayar da tafi, na faɗa a hankali.

"Ban ji ba, Baba."

Na ƙara kaɗan.

"Wallahi layin nan ba kyau. Ɗaga murya."

To, kin san mai kunne ɗaya ba ya sanin nauyin muryarsa, kuma kin san shekara nawa na yi ina ba da fareti. Na ce a raina, Iya ki yafe mini. Na haɗa ƙafa, na miƙe ƙirji, na saki sunan nan gaba ɗayansa, da nawa a bayansa, da muryar da nake juya kamfanin sojoji guda daga wancan ƙarshen fili.

Mai shago ta zubar da shayinta a kan littafi. Ɗan Kumasin da ke waya ta biyu ya ce wa matarsa, "Riƙe, riƙe, wani abu ya faru." Har wani mai keke a waje ya taka birki ya leƙo.

Kyaftin ta ce, tana dariya, "Yanzu na ji, Baba. Ina jin har Legas sun ji. An shigar."

Sai wata tsohuwar murya ta karɓi wayar. "Kofur Ilu, Bulus ne. Ka ce za ka dawo. Shekara ashirin na bar layin nan na sama babu komai."

Ashe tun ranar farko bai rubuta Sani a lamba ɗaya ba, daga biyu ya fara.

Da na ajiye waya, Tanko ya miƙe ya ce, "Jama'a ku shaida! Bakano ya kira sunan 'yar fari da na uwarsa a tsakiyar Caina, da kunnena na ji. Sai na kai labarin nan Kwari shago-shago." Aka fashe da dariya, ana ta miƙo mini hannu. Shi mai tsiyar kuwa na ga yana goge ido da hular, ya ce wai hayaƙin taba ne. Ya ja mu gaba ɗaya zuwa gidan abincin wata 'yar Yamai, aka ci tuwon shinkafa da miyar kuɓewa, yana ta faɗa wa kowa cewa garinsu za ki, su za su koya miki hankalin da ubanki ya rasa.

Kwana tara bayan nan jerin sunaye ya fito ta fas, kina lamba bakwai. Na karanta a tsaye, na karanta a zaune, na sa ɗan Maraɗi ya karanta mini ko idona ne. Daga nan na hau bas sai titin Guangyuan, na haye bene uku ban huta ba, na shimfiɗa takardar a kan teburin Lawban, na kama babban yatsana na nuna masa, na nuna layi na bakwai. Na ce masa yo, wato akwai. Ya dube ni, ya dubi takarda, ya gane. Ihun da ya yi sai da maƙwabtansa suka fito. Ya zazzage ni da yarensu, ban ji ko ɗaya ba amma na san na cancanta. Ya aika aka yi kwafi, aka rufe da leda, ya manna a bango gefen na Lili. Yana nan yanzu haka. Duk Bahaushen da ya shiga sarin riga sai ya karanta, ni kuma in ce masa tawa ce.

Yanzu ga abin da nake so ki riƙe. Tallafin nan kowace shekara sai an kai musu sakamako kafin su sabunta. Ki kai da wuri, ki kai da ƙafarki, ki ajiye kwafi biyu, ɗaya a wurinki ɗaya a wurin innarki, kuma ba a akwatin ƙarfe ba. Ki yi karatu kamar mai gadi a bakin ƙofa, ba gyangyaɗi, don sunan da ke lamba bakwai ya hana wani suna zama a wurin.

Sauran da ke cikin jerin nan, da yawansu marayu ne. Na ga sunan uban mutum biyu da na sani, ɗaya ma ni na ɗauko shi a kafaɗa. In kin haɗu da 'ya'yansu a Zariya, 'yan'uwanki ne, ki neme su, ku ci tare. In kin ji wata gwauruwar soja ko wani naƙasasshen tsoho irina da bai san da tallafin nan ba, ko ya sani yana jin nauyi, ki zauna ki cika masa takarda. In ya ƙi, ki ba shi labarina, na yafe miki, ai Tanko ya riga ki.

Kada kuma ki ce Baba ya ce a zubar da kunya. Ban ce ba. Kunya ce ta sa gidanmu yake gida. In Allah ya ba ki naki ɗan fari, ki kawar da kai a gaban surukai yadda aka saba, ki bar wa innarki ta goya. Amma ki rubuta sunansa inda ake rubutawa, kuma wata rana in kun kaɗaita, ki bari ya ji daga bakinki. Yaro ba ya iya karanta abin da ke cikin ƙirji, abin da ke kan takarda yake karantawa.

Wannan ya kawo ni ga abin da ya sa na ɗauki biro tun farko. Kin ga sunaye uku a akwati, kin yi shekara biyu da rabi kina ɗauke da abin a ranki, kina gaishe ni safe da yamma. Ban san me kika gaya wa kanki ba, amma ina iya zato. To ga abin da babu a fayil. An haife ki ranar Talata da hantsi, muna tsakiyar fareti. Matar wani abokina ta leƙo ta shingen fili tana jijjiga hannu biyu kamar mai rarrashin jariri. Aka ce a juya dama, ni kaɗai na juya hagu, na yi karo da na kusa da ni, bindigata ta faɗi. Sajan-manjo ya sa ni tsallen kwaɗo in zagaye filin nan sau uku a cikin rana. Ina tsalle ina dariya, ya ƙara mini biyu don dariyar, na yi su ina dariya. Ba a taɓa yi mini horo mai daɗin wannan ba. Hotonki kuma na gama firamare, wanda innarki ta yi ta nema ta ce ɓera ya ja, ba ɓera ba ne. A cikin hular kwanona ya je Laberiya ya dawo. Yana aljihuna yanzu, gefe ɗaya ya ɗan ƙone.

A ƙullin da Tanko zai ba ki akwai farar riga irin ta masu aikin magani. Na zagaye shago shida ana ce mini meyo kafin na sami mai dogon hannu. In ta yi miki yawa kada ki rage, za ki cika ta. Ranar da kika fara sa ta ki ɗauki hoto, ki aiko biyu, don Lawban ya riga ya share wuri a bango.

Allah ya yi miki albarka. Allah ya buɗe miki ƙwaƙwalwa, ya sa ki fi malamanki, ya tsare ki a mota da ɗaki da aji, ya kare miki mutuncinki da sallarki, ya dawo mana da ke lafiya da abin da kika je nema. Allah ya jiƙan Iya da ta raine ki, ya saka wa innarki da Bulus da alheri. Ki gaishe da ƙannenki, ki ce wa Sani ya shirya, baɗi layinsa ne, kuma ba sai an yi ihu ba.

Da can in zan aika miki saƙo cewa nake a ba yarinyar. Wannan ambulan ki duba bayanta, da hannuna na rubuta, ban sa kowa ba. Ga shi kuma a nan, ki ajiye inda kika ga dama.

Zulaihatu. Zulaihatu Iliyasu, 'yata ta fari. Ki tafi lafiya.

Wassalam.

Mahaifinki,
Saje Ilu mai ritaya.